Sauro Ya Ciza a Can, Cuta Ta Biyo Maigida Har Ɗaki

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'ar Damargu, ina gaida masu saurarenmu na cikin garin Tanut, da na Belbeji da duk ƙasar Tarka, da mutanen Gangara, da Olelewa, da Falanko, da Tenhiya, har da makiyayanmu da ke can arewa bakin rijiya, rediyo na rataye a kafaɗa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Shirinmu na yau na magidanta ne da iyayen gida. In akwai yara kusa da akwatin rediyo, a ba su ɗan aike. Zan ambaci gaɓoɓin da ba mu saba ambata a bainar jama'a ba, don haka iyayena da malamaina ku yi mini uzuri. In ba a faɗi inda cuta take ɓuya ba, ba za a san ta inda za a tare ta ba.

Kowa a nan ya san sauro na kawo masassara. Kowa kuma ya san akwai cututtukan da ake ɗauka a shimfiɗa, irin su ciwon sanyi da sida. A tunaninmu waɗannan hanyoyi biyu ne da ba su haɗuwa. To akwai cutar da ta haɗa su. Sauro ne ke sa wa namiji ita, ya yi ɗan ciwonsa na kwanaki ya warke, jininsa ya wanke tas, amma ƙwayar cutar ta samu mafaka a cikin marainansa da hanyoyin maniyyinsa, ta zauna makonni, wani lokaci watanni. Ya dawo gida lafiya lau, ya kusanci iyalinsa, ya ba ta. In tana da ciki, abin da ke cikin ne zai fi kowa shan wahala. Sunan cutar Zika.

Tun da wuri, kada hankalin kowa ya tashi: ban zo da sanarwar annoba a Tanut ko Belbeji ba. Na zo da ita ne don mu mutanen tafiya ne, kuma sauron da ke ɗaukar wannan cuta yana son ruwan ajiya, mu kuwa kowa ya san yadda muke ajiyar ruwa.

Zika ƴar Afirka ce. A 1947 aka fara gano ta a jikin wani biri, a dajin da ake kira Zika kusa da Entebbe a ƙasar Uganda, lokacin da masu bincike ke neman cutar shawara. Shekara guda bayan haka suka same ta a jikin sauro a wannan dajin. Daga baya aka riƙa ganin alamunta a jinin mutane a ƙasashe da dama, har da Najeriya, inda masana a Ibadan suka fitar da ita daga jinin marasa lafiya a shekarun 1970. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta daɗe tana samun ta a jikin sauro a yankin Kedugu na Senegal. An gan ta a Kodebuwa, an gan ta a Burkina Faso. Duk da haka, shekara 60 ba wanda ya damu da ita, saboda ciwonta ba ya kwantar da mutum. Cikin mutum 5 da suka kamu, kusan 4 ba su ma san sun kamu ba. Wanda ya ji kuwa, ɗan zazzaɓi ne, da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, da jan ido marar kwantsa, da ciwon gaɓoɓi, musamman hannuwa da ƙafafu, da ciwon kai. Kwana 2 zuwa 7 ya wuce. Wane magidanci ne a Damargu zai bar gona ko kasuwa ya tafi likita a kan wannan?

Yadda aka gane tana bin hanyar aure, labari ne da ya faro daga nan Afirka ta Yamma. A daminar 2008, wani masanin sauro ɗan Amurka, Brian Foy, na jami'ar jihar Kolorado, ya zo ƙauyen Bandafasi a yankin Kedugu tare da ɗalibinsa, suna kama sauro don binciken masassarar cizon sauro. Sauro ya ci su sosai. A ƙarshen watan Agusta suka koma gida. Kwanaki kaɗan sai su biyun suka kwanta: ƙuraje a jiki, idon sawu ya kumbura, ga gajiya, ga ciwon kai. Shi malamin har da zafin fitsari, kuma ya ga jini a maniyyinsa. Bayan ƴan kwanaki sai matarsa ta kamu da irin wannan ciwo, ita da ba ta taka Afirka ba, a garin da babu irin sauron da ke ɗaukar cutar. Ƴaƴansu 4 da ke gida ɗaya da su, suna ci tare suna sha tare, ko ɗaya bai yi ciwo ba.

Aka yi gwaje-gwaje ba a gano komai tabbatacce ba, sai suka ajiye jinin cikin ƙanƙara. Bayan shekara guda ɗalibin ya sake zuwa Senegal, ya haɗu da wani mai bincike, Andrew Haddow, wanda kakansa na cikin waɗanda suka gano Zika a Uganda. Da ya ji labarin sai ya ce a gwada Zika. Aka gwada, jinin mutum ukun duka ya nuna. A 2011 suka wallafa abin da ya faru, suka ce bisa ga dukkan alamu ta hanyar kwanciyar aure matar ta kamu. Duniya ba ta kula ba a lokacin. A 2013, da annoba ta ɓarke a tsibirin Tahiti, wani mutum ya je likita da jini a maniyyi, aka fitar da ƙwayar cutar da ranta daga ciki, alhali jinin jikinsa ba ya nuna komai. Zuwa farkon 2016, da aka tabbatar da wani kamu a birnin Dalas daga wanda ya dawo daga Benezuwela, gardama ta ƙare.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, in yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan cutar Zika, wadda sauro ke kawowa amma take maƙalewa a jikin namiji.

To me ya sa can? Me ya sa jini zai wanke cikin mako guda ko biyu, maniyyi kuwa ya riƙe ta? A nan akwai hikimar halitta da ya kamata mu tsaya mu duba.

Allah ya yi wa jikinmu garkuwa, wato sojojin da ke yawo cikin jini suna kashe duk baƙon da suka gani. Waɗannan sojoji suna koyon sanin na gida tun mutum na ciki da kuma yana jariri. Ƙwayoyin haihuwa na namiji kuwa ba sa fara samuwa sai ya balaga. Ke nan da sojojin jiki za su gan su, baƙi za su ɗauke su, su far musu, namiji ya rasa haihuwa. Saboda haka aka yi wa wurin da ake ƙera su katanga. A cikin maraina akwai siraran bututu a nannaɗe, jikinsu shafe da wasu ƙwayoyin halitta da suka manne da juna ƙam, ba sa barin abin da ke cikin jini ya kutsa yadda ya ga dama. Har a kewayen katangar ma, sojojin jiki sassauta hannu suke yi.

Manomin Damargu zai gane wannan da sauri. Rumbun tsimi ne: ka zuba gero, ka rufe baki, ka liƙe da laka don kada kaza ko ɓera ko hannun yaro ya kai. Amma in ƙwaro ya riga ya shiga, liƙin da ka yi don tsaron gero shi zai tsare ƙwaron, ya ci ya hayayyafa ba mai damunsa. Haka Zika take yi. Ta samu hanyar tsallaka katangar, daga nan sojojin jiki sai dai su bi ta a hankali.

Kuma ba a maraina kaɗai take zama ba. An samu mazan da aka riga aka yi wa aikin ɗaure hanyar da ƙwayoyin haihuwa ke bi daga maraina, amma duk da haka aka ga cutar a maniyyinsu. Wannan ya nuna tana iya zama a ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostat, da jakunkunan da ke haɗa ruwan maniyyi. Shi ya sa wasu ke jin zafin fitsari ko nauyi a mara, ko su ga jini.

Har tsawon wane lokaci? Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi mazan da suka kamu, ta fitar da sakamako a 2018. Cikin waɗanda aka gwada a watan farko, kusan 6 cikin 10 na da alamar cutar a maniyyi. Daga nan adadin ya yi ta raguwa cikin wata 3, amma akwai mutum guda da aka ga alamar a jikinsa bayan kwana 281. A Italiya ma an ga wanda ya dawo daga Haiti yana ɗauke da ita fiye da wata 6. Sai dai a nan a lura da kyau, domin wannan ne ya sa aka sauya shawara. Ganin alamar ƙwayar cuta daban, samun ta da rai tana iya kama wani daban. A wancan binciken na Amurka, duk inda aka samu mai rai, cikin kwana 30 na farko ne. Mafi nisa da aka ruwaito a wani wuri shi ne kwana 69. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji ya yi taka-tsantsan wata 6. Da hujjoji suka taru sai ta mayar da shi wata 3 ga namiji, wata 2 ga mace. Wata ukun nan ku riƙe shi, za mu komo kansa.

Na san tambayar da ke zuciyar kowane namiji yanzu: shin tana kashe haihuwa? A 2016 masana a Amurka sun sa wa ɓeraye cutar, suka ga marainansu sun motse, haihuwarsu ta ragu. Labarin ya tsorata mutane. Amma ɓerayen an raunana musu garkuwar jiki kafin gwajin, kuma ɓera ba mutum ba ne. Da aka bi maza 15 a tsibirin Gwadalup, aka ga yawan ƙwayoyin haihuwarsu ya faɗi sosai wajen wata guda da kamuwa, sannan ya komo daidai wajen wata na 4. Saboda haka, maigida, babban haɗarin ba a kanka yake ba. Yana kan wanda bai zo duniya ba tukuna.

A 2007 Zika ta ɓulla a wani ƙaramin tsibiri mai suna Yap, ta kama kusan kashi 3 cikin 4 na mutanensa. A 2015 aka gano ta a Brazil. Kafin ƙarshen wannan shekara, likitocin birnin Resife da sauran arewa maso gabashin ƙasar suka fara ganin abin da ya girgiza su: jarirai a jere a ɗakin haihuwa, kawunansu ƙanana ƙwarai, goshi a shafe, fatar kai ta yi naɗi saboda ƙwaƙwalwar da ya kamata ta cika ƙoƙon ba ta girma ba. Cutar ta tsallaka mabiyiya ta shiga ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwa ta lalata su. Da yawa cikin yaran nan suna farfaɗiya, wasu ba sa gani sosai, wasu ba sa ji, wasu ko haɗiyar nono wahala take musu, gaɓoɓinsu a sanƙare. An tabbatar da fiye da 2,000 a Brazil kaɗai. Ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ba ta janye ba sai watan Nuwamba. Ƙiyasin hukumar shi ne, cikin jarirai 100 da uwayensu suka kamu suna da ciki, 5 zuwa 15 na fitowa da wata matsala. Akwai kuma ɓari, da haihuwar bakwaini, da haihuwar ɗa ba rai. Kuma uwar na iya kamuwa ba ta ji ko ciwon kai ba.

Kada a ce Brazil nesa ce. Irin da ya yi ɓarna a can ya tsallako teku ya dawo mana. Daga ƙarshen 2015 zuwa 2016 tsibiran Kap Ber, daura da Senegal, sun ga mutum fiye da 7,000 da ake zaton sun kamu, aka kuma haifi jarirai masu ƙaramin kai. Angola ma ta gani. Shi kuwa irin namu na Afirka, gwajin da aka yi a ɓeraye ya nuna ya fi saurin kashe ɗan tayi tun yana ciki. In haka yake a mutane, to ɓarnarsa ba za ta fito a matsayin jariri mai ƙaramin kai da kowa zai gani ba. Za ta fito a matsayin ɓari, ɓari kuwa a ƙauyukanmu wa ke ƙirga shi? Mace ta yi ɓari a ɗaki, a ce iska ce, ko wahalar daka da jan ruwa, ko a ce mahaifarta ce ba ta riƙo, a wuce wurin. Wannan abu yana ci mini rai, domin kullum laifin a kan mace yake sauka, ba wanda ke tambayar ina mijin ya fito, me ya same shi a hanya.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu mu komo gida. Da an gama kaka, an ɗaure dammuna an cika rumbu, tashar Tanut ba ta rabo da samari da magidanta masu tafiya bida. Wasu su yi arewa, Agadas, Libiya, Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariya. Wasu su yi kudu, Kano, Legas, Kwatano, Lome, Abijan, Kumasi. Ƴan kasuwa da masu neman magani har Indiya suke zuwa, ita kuwa Indiya ta ga ɓullar Zika a Jaipur a 2018, a Kerala da Kanpur a 2021, a Pune a 2024. Kafin ruwan shuka kuma sai a yi ta dawowa. Mutum ya yi wata 6 ko 7 ba ya gida, ya iso da tsaraba, iyali na murna. Duk wanda ya yi aure ya san daren farko ba daren lissafin kwanaki ba ne. To a wannan daren ne maganar tamu take.

Sauron da ke ɗaukar Zika kuma ba shi ne wanda muka saba da shi ba. Na masassarar da muka sani da dare yake cizo, a tabki da kududdufi yake ƙwai. Wannan kuwa baƙi ne ƙarami, da zanen fari a ƙafafu, masana na ce masa Edes. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar, ya fi son ƙafa da idon sawu. Ruwa mai tsabta yake so, na cikin gida: randa, tulu, duro, jarkar da aka bari baki buɗe, kaskon kaji, tsohuwar taya a bayan ɗaki, gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki. Ƙwansa yana mannewa a jikin randa daga ciki, daidai saman ruwa, kuma yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. A ƙasar da mace ke yin nisa kafin ta samo ruwa, ba zan ce mata ta zubar da abin da ke randa ba. Abin da zan ce shi ne, uwar gida, sau ɗaya a mako, ranar da ruwan ya yi ƙasa, juye ragowar a wani mazubi ta cikin tsumma mai tsabta, ki sa soso ki dirje cikin randar sosai, musamman wuyanta, sannan ki mayar ki rufe da faifai ko murfin da ya zauna daidai. In kin leƙa kin ga ƴan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ƴaƴan sauro ne, kwanaki kaɗan suka rage su tashi.

Wannan sauron shi ne dai ke kawo dengi, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023. Shi ne ke kawo cikungunya, wadda ta kwantar da dubun-dubatar mutane a Abeshe ta ƙasar Cadi a 2020, gari mai zafi da ƙarancin ruwa kamar namu. Alhazanmu ma su sani, Jidda ta san dengi tun shekarun 1990, Makka ma ta san ta. Duk inda dengi ta iya shiga, ƙofa a buɗe take ga Zika. Ita ma dengin, a 2019 hukumomin lafiya a Madrid sun tabbatar da wani da ya same ta ta hanyar saduwa, ko da yake wannan abu ne da ba kasafai ake gani ba.

Makiyayanmu kuma, akwai wadda ta taɓa mu a nan Nijar. A daminar 2016 masassarar Kwarin Rift ta ɓarke a jihar Tawa, a Cintabaraden da Tasara da Abalak, dab da taron Kiyur Sale na Ingal. Dabbobi suka yi ta ɓari suna mutuwa, mutum fiye da 30 suka rasu. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, mutane kuwa sun fi ɗaukar ta wajen yanka, da taɓa ɓarin tunkiya ko akuya ko raƙuma da hannu tsirara, da shan ɗanyen nono. Likitoci a Faransa sun ga alamar wannan ƙwayar cuta a maniyyin wani mutum da ya dawo daga Mali a 2015, wata 4 bayan ya fara ciwo. Ba a tabbatar ta taɓa wucewa daga miji zuwa mata ba, kada a ce na faɗi haka. Amma ya nuna mafakar nan da na kwatanta muku ba Zika kaɗai ta san ta ba. Ebola ma, wadda ba ruwanta da sauro, ta nuna haka a Laberiya a 2015. Saboda haka in garke ya fara ɓari barkatai, a sanar da ma'aikatan dabbobi, a sa leda a hannu kafin a taɓa, a binne, a tafasa nono.

To maigida, me ake so ka yi?

Ban ce duk wanda ya dawo daga Kano ko Legas ya ƙaurace wa iyalinsa ba. Wannan ba shawarar likita ba ce, kuma ba mai bin ta. Magana ta fi shafar mutum biyu. Na farko, wanda ya fito daga garin da hukuma ta sanar akwai Zika, ko ya ji ciwo ko bai ji ba, tunda mun ce yawanci ba sa ji. Na biyu, wanda a can ko cikin mako 2 da dawowarsa ya yi zazzaɓi da ƙuraje da jan ido da ciwon gaɓoɓi, aka yi gwajin yatsa ba a ga masassarar cizon sauro ba, balle in ya ga jini a maniyyi. Irin wannan mutum, wata 3 daga dawowarsa ko daga ranar da ciwon ya fara, ko dai ya haƙura, ko ya yi amfani da kwaroron roba, wanda a nan aka fi sani da Fula, kowane lokaci, daga farko har ƙarshe. In ana neman haihuwa, a jinkirta har wata ukun su cika. In kuwa matar na da ciki, to ba wata 3 ba ne, har sai ta sauka lafiya.

Kinin tazarar haihuwa da allura suna hana ɗaukar ciki, amma ba sa hana cuta shiga. Azalu ma ba kariya ba ce. Wanka da tsarki bayan an gama ba sa fitar da ita. Mai mata biyu ko uku kuma ya sani hukuncin na kowane ɗaki ne, ba na mai ciki kaɗai ba. In ka kiyaye ɗakin mai ciki ka saki na abokiyar zamanta, ita ta kamu, sauron gidan ya cije ta da hantsi tana tsakar gida, bayan kwanaki ya ciji mai cikin, ka ga an koma gidan jiya. Kai kanka, mako 3 na farkon dawowarka, ka kiyayi cizo: riga mai dogon hannu, kuma in za ka yi ƙailula ka shiga sange, don kada ka raba wa sauron unguwa abin da ka zo da shi.

Na san abin da ke da wuya a nan. Ba kuɗin Fula ba ne. Yadda magidanci zai dawo daga bida ya fito da ita a ɗakin matarsa ta sunna, shi ne wuyar. Abin da zai fara zuwa ranta: me ya aikata a can? Ƴan'uwana mata, ku saurare ni da kyau. Wannan cuta sauro ne ya kawo ta. Malamin da bai taɓa kallon matar wani ba, sauro zai cije shi a sahun sallar la'asar. Mijin da ya ce miki mu yi haƙuri wata 3, ko mu sa kariya saboda abin da ke cikinki, ya cancanci godiya, domin ya zaɓi jin nauyin wannan magana a kan ya cutar da ke. Ku kuma maza, kada ku bari sai dare ya yi. Ka kira ta da rana, ka ce mata, na yi ciwo iri kaza a can, likita ya ce kaza. In ka ga bakinka ba zai iya ba, ku tafi awon ciki tare, ungozomar likita ta yi muku bayani ku biyu. A jiharmu ta Damagaram aka fara makarantar mazaje, wajen 2008, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar iyalansu, har wasu ƙasashe suka zo suka koya. Wannan magana ta cancanci zama guda a kowace irin wannan makaranta kafin masu bida su fara dawowa. Malamanmu ma suna da abin faɗa, domin addini ya hana cuta da cutarwa, kuma ba wanda ya fi ɗan da ke ciki rashin ƙarfin kare kansa.

In kuma Allah ya ba wani gida jariri mai ƙaramin kai, a sani dalilansa da yawa ne, ba Zika kaɗai ba. Kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, kada a ce uwarsa ta yi wanka da dare ko ta gamu da aljani. A kai shi likita a auna kan, a duba ido da kunne, in ta kama a tura su babban asibitin Damagaram. Ta ci gaba da ba shi nono, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana mai Zika shayarwa ba.

Har yau Zika ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin da ke kashe ta. Wanda ya ce yana da saiwa ko ƙwayar da ke wanke maniyyi daga ita, kuɗinka yake so. Hutu ne, da shan ruwa da yawa, da farasitamol. A guji asfirin da ibufurofen, irin waɗanda masu tallan magani ke yawo da su a kasuwa, domin ciwon na kama da dengi, kuma in dengi ce waɗannan ƙwayoyi na iya jawo zubar jini. In bayan ciwon mutum ya ji ƙafafunsa na mutuwa, raunin na hawa sama, a garzaya da shi asibiti a ranar, domin Zika kan taɓa jijiyoyi a wasu mutane ƙalilan, kuma yana iya kaiwa ga numfashi.

Idan ka je likita, ko a asibitin gundumar Tanut ko a ƙaramar likitar garinku, kada ka tsaya a kan jikina na zafi. Faɗa wa majo garin da ka fito, da ranar da ka baro shi, da ranar da ciwon ya fara. Faɗa masa in ka ga ƙuraje ko jan ido ko jini, ko da sun riga sun wuce. Faɗa masa iyalinka na da ciki, wata kaza. Gwajin wannan cuta ba na yatsa ba ne, sai an ɗebi jini ko fitsari an aika babban ɗakin bincike, irin cibiyar CERMES da ke Yamai, kuma ba wanda zai aika in ba ka ba shi dalili ba. Ku ma ma'aikatan lafiya da ke saurarenmu, in gwajin yatsa ya fito babu komai, ku ƙara tambaya guda: malam, ka yi tafiya kwanan nan?

Lokacinmu ya cika. Mai tambayar da yake jin nauyin yi da sunansa, ya rubuto ko ya aiko da saƙon murya ba suna, za mu kai wa likita mu kawo amsa a shiri na gaba, inda za mu duba dengi da alamun da ke nuna ta zama mai haɗari. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)